Dogon Wuyan Rigar Yayata

Yayata ta yi shekara ashirin da shida a kan kujera ɗaya, a bakin taga ɗaya, a ƙuryar wani shagon wanki da guga, amma sati bakwai kacal ya ishi mutane su yanke cewa ta gama aiki. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina. Zan zo wurin, ba ɓoyewa zan yi ba.

Ita ba tela ba ce, kuma in ka ce mata tela sai ta harare ka. Aikinta cike ɓula. In dutsen guga ya ƙona maka riga, ko ƙusa ta kama maka wando, ko asu ya ci maka kwat, wurinta za a kai. Sai ta juya rigar, ta zaro zare daga cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa, ta ɗora ɓular a kan wani ƙwan katako da ya yi sulɓi don tsufa, ta saƙa wurin zare bayan zare, yadda aka saƙa yadin tun farko. Kayan aikinta duka ba su cika gwangwanin alewa ba: allurai sirara kamar gashi, ɗan almakashi, gilashin ƙara girma mai tsagaggen gefe. An taɓa yin wani mutum da ya tsaya yana rantsuwa an sauya masa wando, don ya duba sama da ƙasa bai ga inda ya yage ba. Daga ranar ake ce mata Ba-Tabo. Ni dai Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take kirana, ko da yake furfura ta cinye rabin kaina.

Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana, da wannan allurar ta raine su. Amma ba batun ci da sha nake yi ba. Yanzu 'ya'yanta sun isa riƙe ta. Abin da ba su gane ba shi ne, in ka ɗauke Yaya daga bakin tagar nan, ka ɗauke mata abin da yake tashe ta da safe.

Akwai wani abu a gidanmu da ba ma kiran sunansa. Mahaifiyarmu ta yi maƙoƙo babba, muna yara muna jin abin da 'yan makaranta suke faɗa in ta zo ɗaukarmu. Yaya ta fi ni jin zafin abin, don ita ce babba, ita take dambe a kai. Da ta haifi ɗanta na biyu sai wani ɗan ƙullutu ya fito mata a gaban wuya, kamar ƙwan tattabara. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ba ta je asibiti ba, sai ta zauna ta fitar wa kanta da wani irin wuyan riga: dogo, mai ninki biyu, da maɓalli uku a gefe. Ta iya shi sosai har mata suka riƙa zuwa suna roƙon a yanka musu irinsa, sun ɗauka yayi ne. Shekara talatin ke nan. In zance ya kama dole, sai mu ce "gadon Inna". A wurinmu ba cuta ba ce, abu ne kamar wushirya ko hagu.

Farkon shekarar nan ciwon ciki ya matsa mata, likita ya ce a yi mata hoton ciki a babbar na'urar nan da ake tura mutum cikinta a kwance. Ya ce za a ɗura mata wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito sarai. Ni na raka ta. A danginmu ni ce na gama sakandare, ina aiki a ofishin wata makaranta, don haka duk takardar da za a cike hannuna take zuwa. Muka zauna a dogon baranda, kujerun roba a jere, mutane kafaɗa da kafaɗa. Aka miƙo mini takarda mai tambayoyi. Asma? A'a. Ciwon ƙoda? A'a. Magani ya taɓa tayar miki da ƙuraje? A'a. Ina karantawa da ƙarfi tana amsawa. Sai na iso layi na bakwai: maƙoƙo ko wata matsalar tayirod. Na ɗaga kai na dube ta. Tana gyara maɓallin wuyanta, wata mata a gefenmu ta baza kunne kamar ita ake tambaya. Ban karanta layin ba. Na ja alama a kan "a'a" na wuce.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi takardar ko daƙiƙa goma ba ta yi tana dubawa ba. Ba ta taɓa wuyan Yaya ba, ba ta ce a kwance maɓalli ba. Bayan rabin awa Yaya ta fito tana dariya, wai ruwan ya bi jikinta da ɗumi, bakinta kamar ta tsotsi makulli. Sakamako ya nuna ɗan kumburi ne a hanji. Aka ba ta ƙwayoyi, cikin kwana goma ta warke, muka gode wa Allah muka manta.

Bayan kamar sati huɗu sai ta fara kukan zafi. Matar da ko fanka ba ta so, sai ga ta tana jawo ta shago tana kafa wa fuskarta. Gumi yana jiƙa mata baya. Ci kuwa, burodi guda take tashi da shi da safe, kafin azahar tana neman wani abu, amma siket ɗinta yana zamewa har sai da ta rage masa ƙugu sau biyu. Barci ya ƙaurace mata. Ga faɗa. Yayata da ba ta ɗaga murya, ranar nan ta wanke Mai Wanki tas don ya ajiye kofin shayi kusa da zarenta. Mai Wanki shi ne mai shagon, mutum ne mai tumbi da son a ce masa ya iya tsari. Ya tsaya baki buɗe kamar kujera ce ta yi magana.

Sannan hannu ya fara rawa.

A lokacin akwai wani kwat mai ruwan toka a gabanta, na wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Marigayiya matarsa ce ta saya masa, asu ya ci kafaɗar, ɓula kamar ƙwayar wake. Yana so ya sa shi ranar da autarsa za ta karɓi takardar gama jami'a, wata biyu gaba. Aikin yini biyu ne a wurin Yaya. Ta yi kwana biyar tana fama. Zare ya ƙi shiga allura, in ya shiga saƙar ta karkace. Ta warware, ta sake, ta warware, har ɓular ta ninka girmanta. Na shigo da yamma daga ofis na same ta ta danne hannun dama da na hagu a kan cinya, tana kallon titi.

"Auta," ta ce, "hannun nan ba nawa ba ne."

Ba a yi kwana uku ba Mai Wanki ya kira ɗanta na fari. Injiniya muke ce masa, ko da yake gyaran fanka da dutsen guga yake yi. Suka yi shawararsu su biyu, ba Yaya ba ni. Wai an yi wa Mai Wanki tayin sabuwar na'urar busar da kaya, kuma ya auna da tef, wurin da za ta zauna daidai shi ne bakin taga. Wai zuwa ƙarshen wata Yaya ta tashi daga wurin. Injiniya ya zo gidana yana murza makullin mota yana ba ni labari kamar albishir ya kawo.

"Inna Auta, ai tsufa ne. Ta huta haka nan. Ga ɗaki na gyara mata, ga talabijin."

"Talabijin ɗin gidanku! Matar da wata biyu da suka wuce take zura zare ba gilashi, yau ta tsufa? Tsufa mota ce da za ta buge mutum a titi?"

"Likita ma ya ce damuwa ce."

Gaskiya ne, ya kai ta wani ƙaramin asibiti. Aka auna jininta aka ce ya ɗan hau, aka tambaye ta ko tana yawan tunani, aka ba ta maganin barci. Wanda ya duba ta ya ga mace ta haura sittin, gwauruwa, tana gumi tana faɗa, shi ke nan ya gama karatunsa. Ina ma laifin ya ɗora yatsa biyu a wuyanta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya ta fara yarda da su. Ta kwashe alluranta ta zuba a gwangwani, ta ce in mayar wa Malam kwat ɗinsa in ba shi haƙuri. Na ce ba zan kai ba. Ta ce dama tun ina yarinya kunnen ƙashi ne da ni. Muna cikin haka muna hawa matakalar gidanta, hawa goma sha biyu ne, a na takwas ta tsaya ta dafa bango. Na sa hannu a ƙirjinta. Zuciyar tana bugawa kamar keken ɗinki da aka taka ba kaya a ƙarƙashinsa. Washegari da sassafe na sa ta a mota muka koma babban asibitin da aka yi hoton.

Muka samu wata likita yarinya, sa'ar 'yata, siririya da gilashi. Ɗakinta ƙarami, taga a rufe, fankar ta mutu. Tana tambaya tana rubutu. Ta ce Yaya ta miƙe hannuwa, ta ɗora mata fallen takarda a kai, takardar ta riƙa karkarwa muna ji da kunnenmu. Zafi ya ishi Yaya. Ina kallo ta kai hannu wuya ta kwance maɓalli na farko, na biyu, na uku, tana fifita da katin asibiti. Rabon da in ga wuyan yayata a buɗe a gaban baƙo, wallahi na manta.

Likita ta ajiye biro.

"Mama, wannan tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki, 'yar nan. Ba ya ciwo. Ba shi ya kawo ni ba."

"Bari dai in taɓa." Ta zagaya bayanta, ta ɗora yatsu, ta ce ta haɗiyi yawu. Sai ta ce, "Cikin wata biyu ko uku da suka wuce, an yi miki hoton da ake ɗura ruwa ta jijiya?"

Muka dubi juna. Na ce an yi, a nan gidan ma, sati bakwai ke nan.

Ta tura mu aka ɗebi jini, ta sa aka manna wa Yaya wayoyi a ƙirji aka duba bugun zuciya. Da rana sakamako ya fito, ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali, ba ta raina mu ba. Ta ce a gaban wuyan kowa akwai wata 'yar halitta, ita ce tayirod, ita take tsara saurin da jiki yake aiki da shi. Da sinadarin aidin take aiki, irin wanda ake sa wa gishiri, kuma ɗan kaɗan take bukata. Ruwan hoton kuwa cike yake da aidin, allura ɗaya ta fi abin da mutum zai ci a abinci shekara da shekaru. Ga yawancin mutane ba komai, tayirod ɗinsu tana ganin ya yi yawa sai ta rufe ƙofa har ya fita da fitsari. Amma wadda ta daɗe da ƙullutu, musamman a jikin mai shekaru, wani lokaci ba ta jin birki. Duk abin da aka ba ta sai ta sarrafa ta tura cikin jini. Shi ne zafin, shi ne ramar, shi ne rawar hannun, shi ne faɗan.

"Har faɗan?" in ji Yaya.

"Har shi, Mama."

"To ki rubuta mini a takarda, akwai wanda zan nuna wa."

Ni kuwa tuni na hau faɗa. Na ce wane irin asibiti ne wannan, a ɗura wa mutum abu ba a tambaye shi ba? Na ce ma'aikaciyar jinyar ko kallon kirki ba ta yi mana ba. Likita ba ta yi musu ba. Ta buɗe fayil ɗin Yaya tana juya shafuka, ta zaro wata takarda ta ajiye a gabana. Rubutuna ne. Layi na bakwai, alama a kan "a'a", da shuɗin birona na ofis.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Yaya ta leƙa takardar, ta dube ni, ta ce wa likita, "Kada ki ga laifinta. Da ta karanta mini ma, a'a zan ce." Ta juyo. "Amma dai 'yar boko, an ji kunya."

Likita ta ce laifin bai tsaya kan mutum ɗaya ba, ya kamata a duba wuya ba takarda kaɗai ba, kuma za ta yi magana da sashen hoton. Ta ce da an sani, wataƙila duk da haka a yi hoton in dole ne, amma da an auna jini kafin nan, an kuma sa ido bayan an yi, da ba a kai sati bakwai ana lalube ba. Abin da take tsoro shi ne zuciya, a irin shekarun Yaya ba a barinta tana wannan gudu. Na tambayi abin da ya kawo ni: hannun zai dawo? Ta ce galibi irin wannan yana lafawa da kansa in aidin ɗin ya gama fita, cikin makonni ko 'yan watanni. Ta rubuta ƙwayar da za ta rage gudun zuciya da rawar hannu, da wata da za ta rage wa tayirod ɗin ƙarfi, ta ce a dawo awon jini bayan sati uku. Alkawari dai ba ta yi ba. Ta ce tana kyautata zato.

Ƙarshen wata saura kwana tara. Daga asibiti ban tsaya ko'ina ba sai shago. Na samu Mai Wanki yana ninke zannuwan gado.

"Ga takardar likita. Ba tsufa ba ne, ba taɓuwa ba ce. Ka ba ta wata biyu."

"Haba Auta, ni ma ina ƙaunarta. Amma na'ura tana hanya. A ka zan ɗora ta?"

"Tumbinka ma wuri ne."

"Kin ga irin bakin nan naki..."

"Shekara ashirin da shida. Riguna nawa ma'aikatanka suka ƙona ta rufa maka asiri, masu kayan ba su taɓa sani ba? In fara lissafa su a bakin ƙofa?"

Ya ce shi ba a yi masa barazana a shagonsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na san irinsa, jira yake kujerar ta kwana biyu ba kowa ya sa a fitar da ita. Sai na je ofis na ɗauki hutuna na shekara gaba ɗaya, na zo na zauna a kai. Ni da ko maɓalli ban iya dasawa daidai ba. Kullum ƙarfe takwas ina bakin taga da gwangwanin Yaya a cinyata. Duk wanda ya kawo ɓula sai in karɓa, in rubuta sunansa, in ce Ba-Tabo ba ta da lafiya amma tana dawowa. Ranar da aka kawo na'urar, masu ɗaukowa suka tsaya da ita a ƙofa suna kallona ina kallonsu. Ƙarshe a lungun bayan gida aka cusa ta, kowa zai wuce sai ya yi gefe-gefe. Mai Wanki ya yi kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata.

Malamin lissafi ya zo neman kwat ɗinsa. Na gaya masa gaskiya duka, har da cewa ɓular ta ƙaru. Ya daɗe yana shafa kafaɗar. Ya ce saura sati bakwai bikin, zai jira shida.

Sati na farko da fara magani zuciyar ta lafa. Na biyu ta yi barci. Awon jini na sati uku ya nuna abin yana sauka, bai dai kai ba. Injiniya da kansa ya riƙa kai ta, yana sunkuyar da kai in mun haɗu, ya kuma je ya gyara fankar ɗakin likitar ba wanda ya sa shi. Hutuna ya ƙare a sati na huɗu, ranar Yaya ta zo ta ce in tashi mata daga kujera na lotsa ta. Ba ta taɓa kwat ɗin ba tukuna. Ta yi kwanaki tana gwaji a kan tsumma, tana saƙawa tana warwarewa. Wata safiya na biyo kafin ofis, na gan ta ta ɗaga allura saitin hasken taga, ta lashi bakin zare, ta zura. Sau ɗaya. Ta miƙa hannu ta jawo kwat ɗin.

Kwana shida ta yi a kansa, aikin da a da yini biyu ne. Ranar da Malam zai karɓa, ta shimfiɗa shi a kan teburin guga ta kira Mai Wanki.

"Zo ka nuna mini inda ɓular take. In ka gani, gobe ka kawo na'urarka bakin taga."

Na ce a raina matar nan za ta kashe ni. Mai Wanki ya sa gilashi, ya kai kwat ɗin bakin ƙofa, ya juya, ya shafa, ya karkata kai. Can ya dangwala yatsa da ƙarfin gwiwa. "Nan."

"Waccan kafaɗar ce," in ji Malam a hankali.

Masu guga suka fashe da dariya. Mai Wanki ya cire gilashin ya ce dama lungun bayan gida ya fi iska, na'ura ta fi son can.

Da kowa ya watse Yaya ta ja ni gefe ta kama yatsana ta ɗora a wurin. In ka shafa da kyau za ka ji ɗan tudu kaɗan. Ta ce ita ta san yana nan, kuma hannun bai gama dawowa ba, da yamma yana ɗan motsi. Ƙullutun ma yana nan, likita ta ce za a ci gaba da duba shi duk bayan 'yan watanni, wataƙila nan gaba a yi shawarar abin da za a yi masa. Ta ba ta wani kati ta ce ta nuna duk inda za a yi mata hoto. Yana cikin gwangwanin alewa, ƙarƙashin allurai.

Wuyan rigar bai sauya ba, har yanzu dogo ne mai ninki biyu. Amma maɓallin sama a buɗe take barinsa. Na tambaye ta dalili, ta ce zafi, in daina sa mata ido.

Watan jiya na raka ta awon jini, aka sake miƙo mini irin takardar nan a baranda, mutane cike. Da na iso layi na bakwai na karanta shi da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Yaya ta ce, "E, akwai. Kuma ki rage murya, ba kasuwa muke ba." Ni ma na sa an duba nawa wuyan, tunda uwarmu ɗaya.